Kwana Uku a Granada: Nazarin Gajeren Hutun Wasu Ma'aurata a Kudancin Sifaniya

Ma'auratan da wannan nazari ya shafa Hausawa ne mazauna arewacin Ingila. Maigidan yana aiki a fannin lafiya, uwargidan tana karatun digiri na biyu, kuma sun haura shekara goma da aure ba su taɓa yin tafiyar da ta zama tasu su biyu kaɗai ba. Duk hutun da suka samu a baya gida Najeriya suke zuwa, inda kwanakin ke ƙarewa a gaishe-gaishe, ta'aziyya da zaman biki, su dawo da gajiyar da ta fi wadda suka tafi da ita. A farkon watan Oktoba suka bar yara a hannun ƙanwar uwargidan, suka tafi birnin Granada da ke yankin Andalus daga Alhamis zuwa Lahadi. Na ji bayanin tafiyar daga bakin kowannensu, kuma ina ganin ta cancanci a duba ta da kyau, domin a garin da ba su jin harshensa, wanda naman alade ya mamaye girkinsa, sun tashi daga takaicin daren farko zuwa hutun da dukansu suka yarda kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Buri biyu a tafiya ɗaya

Tun wajen zaɓen gari aka ga cewa abin da ke ran kowannensu daban ne. Maigidan ya yi karatun zaure a ƙuruciyarsa, sunan Andalus kuma ya daɗe a kunnensa tun kafin ya san inda take a taswira. Ya san cewa Ibn Asim, mai littafin Tuhfa da alƙalan shari'a a ƙasar Hausa suke dogara da shi, alƙalin Granada ne da ya rasu a 1426. Ya san cewa Abu Ishaƙ al-Sahili, mawaƙi kuma magini, wanda ya haɗu da Mansa Musa a hajjin 1324 ya biyo shi Mali har ya rasu a Timbuktu, haifaffen garin ne. Haka ma Hasan al-Wazzan, da Turawa ke kira Leo Africanus, wanda ya yi bayanin Kano, Katsina, Zazzau, Zamfara da Gobir a littafinsa da aka buga a 1550, a Granada aka haife shi kafin iyayensa su yi hijira zuwa Fas. A wurinsa ke nan tafiyar ziyara ce ta neman ilimi, kuma ya cika takarda guda da sunayen wuraren da dole a gani.

Uwargidan ba ta ƙi tarihi ba, amma ba shi ya fito da ita ba. Abin da take so shi ne ta zauna a kawo mata abincin da ba ita ta dafa ba, ta ga rana sosai bayan watannin gajimare da yayyafi, ta kuma kwanta ba tare da tunanin kai yara makaranta da safe ba. Babu wanda ya faɗa wa ɗan'uwansa wannan a fili kafin su tashi, kuma kusan duk saɓanin da ya biyo baya daga nan ya samo asali.

Garin kansa ya dace da gajeren hutu. Tsakiyarsa ba ta da faɗi, yawancin wuraren tarihi suna kewaye da dandalin Plaza Nueva ta yadda ana iya kai musu da ƙafa, kuma yana gindin tsaunukan Sierra Nevada a tudun da ya kai kusan mita 700 sama da teku, saboda haka a watan Oktoba safiya da dare akwai sanyi, tsakar rana kuwa akwai ɗumi mai daɗi.

Shirin da aka yi

Da yake fasfo ɗin Najeriya suke riƙe da shi, izinin zamansu a Ingila bai ɗauke musu neman bizar Schengen, wadda ake shiga Sifaniya da ita, ba. Kuɗinta Yuro 90 ne ga kowane babba tun daga watan Yunin 2024, ban da kuɗin cibiyar karɓar takardu, kuma ana neman inshorar lafiya da ba ta gaza Yuro 30,000 ba, da shaidar masauki da tikitin zuwa da dawowa. Samun ranar ganawa ya fi cike takardun wahala, shi ya sa suka fara nema tun da bazara. Jirgi suka hau zuwa Malaga, wadda ta fi Granada yawan jiragen da ke zuwa daga Ingila, daga can suka shiga bas, tafiyar da ba ta cika awa biyu ba.

Mafi kyawun abin da maigidan ya yi shi ne sayen tikitin fadar Alhambra makonni kafin tafiyar. Fadar tana kan tudu, kusan daga kowane lungu na tsohon gari ana hango jan ganuwarta, amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ana ƙayyade yawan masu shiga kowace rana, tikitin yana ɗauke da sunan mai shi da lambar fasfonsa, kuma sashen da ya fi kowane daraja, wato gidajen sarakunan Banu Nasr, gidan sarautar Musulmi na ƙarshe a garin, yana da lokacin shiga da aka rubuta a jikin tikitin, wanda idan ya wuce ya wuce ke nan. Mutane da yawa sukan iso Granada su tarar tikitin kwanakin da za su yi ya ƙare. Abin da bai shirya masa ba sam shi ne lokacin cin abinci, domin bai taɓa zaton wannan abu ne da ake shirya wa ba.

Daren farko

Sun isa otal wajen ƙarfe biyar na yamma, rabonsu da abincin kirki tun karin safe. Da ƙarfe shida suka fito neman abincin dare kamar yadda suka saba a Ingila. Ƙofofin gidajen abinci da yawa a rufe suke, waɗanda ke buɗe kuma sai mai kawo abinci ya nuna musu agogo ya ce madafa ba za ta buɗe ba sai ƙarfe takwas ko takwas da rabi. Wuraren da suka yarda su ba su abinci a wannan lokaci su ne na 'yan yawon buɗe ido, masu hotunan shinkafar paella a bakin ƙofa, kuma uwargidan ta ƙi su saboda ba ta ga ɗan gari ko ɗaya a ciki ba. Suka yi ta zagaye fiye da awa guda, yunwa tana ƙara ɓata rai, daga ƙarshe suka ci shawarma a tsaye a wani shagon halal kusa da titin Elvira.

“Maigida, shawarma ai akwai ta a bakin layinmu,” in ji ta. “Ba ita ta sa muka nemi biza ba.”

Bai ce komai ba, ya buɗe takardarsa yana duba shirin gobe, abin da ya ƙara mata haushi. Da suka koma masauki wajen ƙarfe tara, a daidai lokacin ne tituna suka fara cika da iyalai, har da yara ƙanana da tsofaffi, kowa yana neman teburi. Sun ga wannan ta taga, amma sun ƙoshi kuma sun gaji.

Safiyar Juma'a a Alhambra

Lokacin shigarsu gidajen sarakuna ƙarfe tara da rabi ne. A farkon wannan wata rana ba ta fitowa a Granada sai bayan ƙarfe takwas, don haka cikin sanyin asuba suka kama hawan Cuesta de Gomerez daga Plaza Nueva, hanya mai tudu da ke ratsa kurmin bishiyoyi, ruwa yana gudu a kwatami a gefenta biyu. Suka shiga ta Ƙofar Shari'a, wadda Sarki Yusuf na Ɗaya ya gina a 1348, mai hoton tafin hannu a saman bakanta na waje da hoton mabuɗi a na ciki. Wannan ƙofa ta fi babbar mashigar baƙi kusa da gidajen sarakunan, kuma da ta can suka bi, da tafiyar da ke tsakani ta iya cinye musu lokacin.

Muhammad ibn al-Ahmar ne ya fara gina fadar bayan ya shiga Granada a 1238, zuriyarsa kuma ta riƙe garin har ranar 2 ga Janairun 1492, lokacin da sarki na ƙarshe, Abu Abdullah da mutanen Sifaniya ke kira Boabdil, ya miƙa shi ga Ferdinand da Isabella, sarakunan Kirista na Sifaniya. Mafi kyawun ginin na ƙarni na 14 ne, zamanin Yusuf na Ɗaya da ɗansa Muhammad na Biyar. A nan karatun zauren maigidan ya yi amfani. Yawancin baƙi suna kallon rubutun bangon a matsayin ado kawai, shi kuwa yana karanta shi. Ya nuna mata taken gidan sarautar, “Wa la galiba illallah”, wato babu mai rinjaye sai Allah, yana maimaituwa a bango bayan bango. A babban zauren karɓar jakadu ya ɗaga kai ya karanta mata Suratul Mulk da aka rubuta a ƙarƙashin rufin, sannan ya bayyana mata cewa rufin, wanda aka harhaɗa da guntayen katako fiye da 8,000, yana kwatanta sammai bakwai da surar ta ambata. A farfajiyar zakuna, mai ginshiƙan marmara 124 da zakuna 12 ɗauke da kwanon ruwa, ya yi ƙoƙarin karanta baitocin mawaƙin fada Ibn Zamrak da ke kewaye da bakin kwanon, wasu ya gane, wasu suka gagare shi saboda salon rubutun.

Ita kuwa ruwa ne ya ɗauki hankalinta. Ta lura cewa ana jin ƙararsa kusan ko'ina amma ba ya cika kunne, kuma ƙananan magudanai suna shigar da shi har cikin ɗakuna. Ruwan daga kogin Darro yake zuwa ta wata doguwar magudana da aka haƙa tun zamanin wanda ya kafa fadar, tana ɗauko shi daga can sama ta gefen dutse, ta yadda yake gangarowa da kansa ba tare da na'ura ba. A lambun Generalife, wurin shaƙatawar sarakunan, akwai wata matakala wadda aka yi wa magudanar ruwa a kan bangon da ake dafawa, dama da hagu. Uwargidan ta hau ta a hankali hannunta yana cikin ruwan mai sanyi har ta kai ƙarshe, ta sauko ta sake hawa. Maigidan, da ya so su yi sauri su leƙa fadar Sarkin Sifaniya Charles na Biyar da aka fara ginawa a 1527 a tsakiyar wurin, ya tsaya ya jira ta. A ganina wannan ne karo na farko a tafiyar da ɗayansu ya bar nasa shirin don na ɗan'uwansa.

Abin da sallar Juma'a ta warware

Daga Alhambra suka shiga ƙaramar bas zuwa unguwar Albaicin, tsohuwar unguwar Musulmi da ke tudun da ke fuskantar fadar, wadda UNESCO ta haɗa da Alhambra cikin wuraren tarihi na duniya a 1994, shekara goma bayan ta sanya fadar. A can babban masallacin Granada yake, wanda aka buɗe a 2003, kusa da dandalin San Nicolas inda ake taruwa don kallon fadar da tsaunuka a bayanta. Maigidan ya yi ta sauri tun ƙarfe ɗaya saura yana tsoron kada su rasa jam'i, sai suka tarar rana ba ta ma yi zawali ba. A jadawalin masallacin Azahar wajen ƙarfe biyu take shiga, Magariba ƙarfe takwas saura, Isha'i kuwa bayan ƙarfe tara.

Wannan jadawali shi ne mabuɗin abin da ya same su a daren jiya, ko da yake sai da suka fito daga sallah suka ga gidajen abinci sun cika maƙil da ƙarfe uku kafin suka haɗa biyun. Granada tana yamma da layin Greenwich, wanda ya ratsa Landan kuma daga shi ake lissafin agogon duniya, saboda haka a bisa tafiyar rana agogonta ya kamata ya zo ɗaya da na Landan. Amma a watan Maris na 1940 gwamnatin Janar Franco ta tura agogon ƙasar gaba da awa ɗaya don ya daidaita da na tsakiyar Turai, ba a kuma mayar da shi ba har yau. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba ana ƙara wata awar ta lokacin zafi. Sakamakon haka a waɗannan watanni agogo yana gaban rana da kusan awa biyu. Mutumin Granada da ke cin abincin rana da ƙarfe biyu zuwa huɗu, bayan zawali kaɗan yake ci, wanda ke zama cin na dare da ƙarfe tara kuwa a daidai Isha'i yake zama. Ƙarfe shidan da ma'auratan suka fita neman abincin dare, bayan La'asar ne da kaɗan, lokacin da ko a gida ba a sauke tuwo ba.

Daga wannan rana suka daina kallon lambobin agogo wajen cin abinci, suka koma bin lokutan sallah: abincin rana bayan Azahar, ɗan abin taɓawa bayan La'asar, abincin dare bayan Isha'i. Ba su ƙara tarar da madafa a rufe ba. Ina ganin wannan ya fi duk wata dabara da suka yi amfani, domin tsari ne da suka taso a cikinsa, zaman Ingila ne ya raba su da shi.

Abinci, da batun alade

Abincin ranar Juma'ar shi ne na farko da uwargidan ta kira abincin Sifaniya. Sun zaɓi abin da ake kira menu del dia, tsarin da ya samo asali daga dokar yawon buɗe ido ta shekarun 1960, inda a kan farashi guda ake ba mutum abinci na farko, na biyu, burodi, abin sha da kayan zaƙi ko kofi. Ta fara da remojon, haɗin yankakken lemu da kifi mai gishiri, albasa, 'ya'yan zaitun da dafaffen ƙwai, an zuba masa man zaitun. Da farko ta yi shakkar haɗa lemu da kifi, amma ta ce zaƙin lemun yana kashe gishirin, man kuma yana haɗa su. Shi ya ɗauki salmorejo, miyar tumatir da burodi mai kauri da ake sha da sanyi, sai ga ta an barbaɗa mata jajayen guntaye a sama. Busasshen naman alade ne, wanda suke kira jamon. Ya riga ya ce ba ya son nama, amma ga mai kawo abincin wannan barbaɗe ado ne da ba ya cikin lissafin nama. An canza masa ba tare da musu ba, har da ban haƙuri.

Wannan ba kuskuren gida ɗaya ba ne, yanayin girkin ƙasar ne. Cinyoyin alade busassu suna rataye a rufin shaguna, ana sa naman a wake, a ƙwai, a cikin soyayyen curin da ake kira croquetas, ana dafa romo da ƙashinsa, ana kuma yin wasu kayan zaƙi irin su mantecados da kitsensa. Akwai tarihi a bayan wannan. Bayan an tilasta wa Musulmin Granada shiga Kiristanci a farkon ƙarni na 16, kotun binciken addini tana ɗaukar ƙin cin alade a matsayin alamar cewa mutum yana ɓoye Musuluncinsa ko Yahudancinsa, har aka kori zuriyar Musulmin gaba ɗaya tsakanin 1609 da 1614. Mai kawo abinci na yau ba ya tunanin wannan, abin da ya taso ya gani ne, kuma duk inda suka yi bayani an saurare su. Darasin da suka ɗauka shi ne a ambaci abin da sunansa tun kafin a kawo komai. Maigidan ya rubuta “sin cerdo, sin jamon”, wato ban da alade ban da jamon, a wayarsa, yana nunawa da zarar sun zauna.

Faɗar hakan da wuri ta fi muhimmanci a Granada fiye da sauran garuruwa saboda al'adar tapas. A nan idan mutum ya sayi abin sha, ko da lemon kwalba ne ko ruwan inabi marar giya da suke kira mosto, ana kawo masa ƙaramin faranti na abinci kyauta, kuma sau da yawa gidan ne ke zaɓen abin da za a kawo. Abin sha biyu ko uku da farantansu sun isa abincin dare. Sai dai yawancin wuraren da ake yin wannan suna sayar da giya, kuma a nan ra'ayinsu ya bambanta. Maigidan bai so zama a wurin da kwalabe suke jere a gabansa ba. Uwargidan ta ce ko gidan abincin da suka ci da rana ana shan giya a teburin kusa da su. Ba su warware hukuncin ba, ni ma ba nawa ba ne in warware, kowa ya tambayi malaminsa. Abin da suka cimma shi ne ba za su shiga wurin da sha ne ainihin sana'arsa ba, za su zauna a teburan waje na gidajen da suka shahara da kifi, nama kuwa sai a gidajen halal, waɗanda suke da yawa a kewayen titin Elvira da Caldereria Nueva.

Cikin wannan iyaka ba su rasa abin ci ba. Sun ci ƙananan kifaye da aka turbuɗa a fulawa aka soya a man zaitun, ana matsa musu lemon tsami. Sun ci tortilla, wainar ƙwai da dankalin Turawa mai kauri, wadda tsakiyarta take da laushi. Sun ci jatan lande da aka kawo yana tafarfasa a kaskon ƙasa da tafarnuwa da ɗan barkono. Abin da uwargidan ta fi so shi ne soyayyen gauta na Turawa, mai baƙar fata, da aka yanka sirara aka yarfa masa dafaffen ruwan rake mai kauri, wanda ɗanɗanonsa na mazarƙwaila ne sak. Ta nemi a ƙaro, ta kuma tambayi yadda ake hana shi shan mai. Ƙorafinta ɗaya shi ne rashin yaji, domin girkin Sifaniya ba ya son barkono mai zafi, kuma ta yi nadamar barin ƙullin yajinta a gida.

Asabar, ranar da aka soke Kurɗuba

A takardar maigidan, Asabar ta Kurɗuba ce, wadda mutanen ƙasar ke kira Cordoba: jirgin ƙasa da sassafe, kusan awa ɗaya da rabi zuwa, ziyarar tsohon babban masallacin, a dawo da dare. A daren Juma'a uwargidan ta ce ba za ta je ba. Ƙafafunta sun kumbura daga hawa da sauka a kan duwatsun Albaicin, kuma ta ce ba ta ga Granada ba tukuna balle ta tafi wani gari.

“Hajiya, wa ya san ranar da za mu sake zuwa?” in ji shi.

“To Malam, in mun je mun dawo a gajiye, wane gari za mu ce mun gani?”

Hujjarsa tana da ƙarfi, domin mai buƙatar biza ba ya tashi ya zo Sifaniya duk lokacin da ya ga dama. Amma ina ganin ita ce ke da gaskiya. Tafiyar za ta cinye yini guda cikin biyun da suke da su cikakku, za ta sa su tashi tun kafin asuba, kuma za ta mayar da hutun gaba ɗaya nasa. Ya haƙura, ko da yake ba da son ransa ba.

Suka tashi a makare, suka karya da churros, soyayyen kwaɓin fulawa dogaye da ake tsomawa a cakulan mai kauri, a dandalin Bib-Rambla. Daga nan suka ratsa kasuwar Alcaiceria, wurin cinikin siliki a zamanin Musulmi, wadda gobara ta cinye a 1843 aka sake gina ta ƙarama. Yanzu kayan tsaraba ne suka cika ta, kuma ba su daɗe ba. A kusa akwai Madraza, makarantar da Yusuf na Ɗaya ya kafa a 1349, wadda ɗakin sallarta da mihrabinsa suka tsira, ginin kuma yana hannun Jami'ar Granada. A gabanta kai tsaye, titi ɗaya ne tsakani, akwai cocin sarauta inda aka binne Ferdinand da Isabella.

Maigidan ya yi jinkirin shiga. Ya ce bai ga dalilin biyan kuɗi don ganin kabarin waɗanda suka kawo ƙarshen Andalus ba. Uwargidan ce ta ce wanda ya zo neman tarihi ba ya karanta rabinsa ya bar rabi. A sama akwai gumakan marmara masu ƙawa, amma idan aka sauka 'yan matakalai zuwa ƙasa, abin da ake gani ta bayan gilashi akwatunan dalma ne baƙaƙe marasa ado. Ya fito yana shiru, daga baya ya ce ganin su ya rage masa wani ɗaci da ya daɗe yana ɗauke da shi. Na ɗauki wannan da muhimmanci, domin Musulmi da yawa suna zuwa Andalus da baƙin ciki kaɗai, su koma ba su ƙaru da sanin yadda daular ta raunana ba, alhali rikicin cikin gidan sarautar kanta, tsakanin Boabdil da mahaifinsa da baffansa, yana cikin manyan abubuwan da suka buɗe wa abokan gaba ƙofa a shekarun ƙarshe.

Bayan abincin rana suka yi abin da garin yake yi, suka koma masauki suka kwanta, tun da ƙananan shaguna da yawa a rufe suke har wajen ƙarfe biyar. Da yamma suka bi gefen kogin Darro a hankali, suka sha shayin na'ana'a a ɗaya daga shagunan shayi na Caldereria Nueva, suka hau Albaicin da bas suka yi Magariba a masallaci. Lambun masallacin yana kallon Alhambra daga kusurwa ɗaya da dandalin San Nicolas, amma babu cunkoso da kiɗan da ke can, don haka a nan suka zauna har Isha'i. Kogunan dutse na unguwar Sacromonte da ake rawar flamenco a cikinsu suna cikin takardar maigidan, amma dukansu ba su ji sha'awar zuwa ba, suka bar su. Abincin daren ranar tajin ne, wato dahuwar tukunyar ƙasa ta Maroko, na rago da busassun 'ya'yan itace a wani gidan 'yan Maroko, kuma shi kaɗai ne naman da suka ci a zaune a duk tafiyar.

Lahadi da komawa

Tsarabar da suka bari sai ranar ƙarshe ta ba su wahala, domin yawancin shaguna da kasuwar San Agustin ba sa buɗewa ranar Lahadi. Man zaitun da uwargidan ta yi niyyar saye ma ba zai wuce binciken filin jirgi ba, tun da jakar hannu kaɗai suka zo da ita, sai a shagon cikin filin jirgin Malaga suka saya da tsada. Da suka yi lissafi a gida, biza, jirgi da otal ne suka ci mafi yawan kuɗin, abinci kuwa ya yi musu sauƙi fiye da yadda suka saba biya a Ingila, musamman saboda menu del dia da tapas.

Cikin wuraren da maigidan ya rubuta, kusan rabi ba su je ba. Ya ce zai sake neman biza don Kurɗuba da Ishbiliya, wato Sevilla, da bazara mai zuwa, uwargidan kuma ta amince bisa sharaɗi biyu: gari ɗaya a kowace tafiya, kuma ita za ta zaɓi inda za a ci abinci.